Jatan lande a faranti, kaye babu a jaka

Wata sabuwar al'ada ta shigo gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Da zarar sakamakon BEPC ko na BAC ya fito, ko aka yi salla, sai a zuba iyali a mota a nufi restoran. A ce a kawo jatan lande, a kawo taliya irin ta ƴan Sin, a rufe da gato da gilas. Kafin cokali ya taɓa faranti an riga an ɗauki hoto an sa a WhatsApp. Maƙwabcin da bai je ba ya gani, ya ƙudurta sai ya kai nasa ƴaƴan ko da bashi ne.

Kada wani ya ce mushe ya zo ya haramta mana abin da Allah ya halatta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kifi da jatan lande da kaguwa duk halal ne, kuma ɗanɗana abincin wasu mutane hanya ce ta sanin duniya. Faɗana da darasin da yaro yake ɗaukowa daga wannan fita yake: cewa abin da ya zo daga nesa kuma ya yi tsada shi ne abinci, wanda uwarsa ta tuƙa kuwa maneji ne kafin a samu kuɗi.

Mu fara da jatan landen, tunda shi ne sarkin hoto. Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano wajen kilomita 1,000 ne a mota, kuma da aka rufe gadar Gaya a 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome su ratso Burkina, hanya ta ƙara tsawo. Kayan teku suna so su zauna a daskare, a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, tun daga bakin ruwa har tukunya. To ku tuna watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kuran yana ɗaukewa yana dawowa. Jatan landen da ya narke aka sake daskarar da shi ba ya faɗa maka. Tafarnuwa da yaji sun rufe warinsa, sai cikin dare yaro ya tashi da amai da zawo. Akwai gidajen abinci masu tsare amana, masu injin wuta da firigo na kirki. Amma iyaye nawa ne suke tambayar mai hidima daga ina kayan suka zo, kuma yaushe? Muna jin kunyar tambaya don kada a ce ba mu waye ba.

Alhali giwan ruwa da karfasa na kogin Isa suna nan, an kamo su da asuba. Mutumin Maraɗi yana da tafkin Madarunfa, na Tawa yana da Tabalak, na Damagaram yana da Gidimuni, ga banda daga Diffa. Yaron da aka saya wa jatan lande da ya yi makonni a ƙanƙara, bai taɓa sanin sunan kifi uku na ƙasarsu ba, wace wayewa aka ba shi?

Taliya kuwa ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Iyayenmu mata sun daɗe suna murza ta da ƙaramin inji, su shanya a igiya, a ci da mai da yaji. Wadda ta mamaye mu yanzu ita ce ta leda mai dahuwa a minti uku. Wani Bajapane, Momofuku Ando, ya ƙirƙiro ta a 1958 don mutane su samu abin sawa a ciki da araha bayan yunwar da ta biyo yaƙin duniya na biyu. Abincin rufin asiri ne a inda aka haife ta, mu muka ɗora mata rawani. Yaro ya ci taliya a restoran sau ɗaya, sai ya dawo gida ya ce ba zai ƙara karyawa da kunu da ƙosai ba, sai Indomie. Uwa ta bi shi don a zauna lafiya. Me aka musanya? An bar wake mai gina jiki, wanda Nijar ke sahun gaba a duniya wajen nomansa, an koma ga garin alkama da mai da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, yaro kuma ƙasa da haka, kuma ɗan ƙullin sinadarin nan na cikin leda ya kan cinye kaso mai yawa na wannan ƙa'ida. Mu da ke tsaye gaban allo mun san ɗalibin da ya karya da irin wannan: kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya fara hamma.

Haka zancen kayan zaƙi. Hukumar ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, in da hali ma 25. Gwangwanin lemo guda yana ɗauke da kusan giram 35. A ɗora gato, a ɗora gilas, duk a cikin ɗan shekara tara a zama ɗaya, a ƙasar da likitocin haƙori ƙalilan ne kuma yawancinsu suna manyan birane. Ba na cewa alkaki da nakiya magani ne, su ma zaƙi ne. Sai dai a da suna da lokacinsu, biki ko salla, kuma yaro ya san hannun da ya yi su. Yau ɗan Damagaram yana iya lissafa maka launin gilas biyar, bai san garinsu ya yi suna da alkaki ba.

Abin da ya fi ci mini rai a aji yake faruwa. Na taɓa ba ɗalibai aikin rubutu a kan abincin da suka fi so. Wani yaro mai ƙoƙari, ɗan manomi, ya rubuta shafi guda mai kyau a kan tuwon hatsi da miyar kuka. Da ya tashi karantawa sai dariya ta ɓarke daga bencin baya, wani ya ce ɗan ƙauye. Ya zauna bai ƙarasa ba. Masu dariyar ba su ƙirƙiro wannan raini da kansu ba, a gida suka ji shi, a bakin uban da ke cewa yau za mu je mu ci abincin manya. Yaron da aka koya wa jin kunyar hatsi, a ƙasar da hatsi ke ciyar da mafi yawan jama'arta, gobe zai ji kunyar uban da ya noma shi.

Za a ce da ni: kuɗina ne, ƴaƴana ne. Gaskiya ne, Alhaji. Amma mu malamai muna ganin ɗaya gefen lissafin. Uban da ya kashe jika 20 a dare ɗaya, shi ne a watan Oktoba zai aiko a ƙara masa lokaci kafin ya sayi littafin karatu, kuma ba a ganinsa a taron COGES. Ɗansa ya zo da kaye ɗaya yana rubuta darasi huɗu a ciki. Dare ɗaya ya wuce da hotonsa, littafi kuwa da ya yi wa yaron shekara, ya kuma gadar wa ƙanensa.

Za a kuma ce: ai so muke yaro ya waye, kada ya je Dakar ko Faransa karatu ya rasa yadda ake riƙe cokali mai yatsu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ina tare da ita in har za a yi ta da gaske. Ku kai shi. Amma ku sa shi ya tambayi sunan abin da yake ci, daga wace ƙasa ya fito, ta wace hanya ya iso Tawa. Ku sa shi ya karanta takardar kuɗi, ya haɗa jimilla, ya kwatanta da farashin tiyar hatsi a kasuwa. Ku sayi gato ɗaya a raba, a sha ruwa maimakon lemo. In zafi ya tsananta, ku zaɓi kifin da aka kamo kusa. Wata fitar kuma ku kai shi inda ake dambun zogale mai kyau, ko wurin mai kilishi, da irin kwalliyar da farin cikin da kuka yi ranar jatan lande, don ya gane wannan ma abin fita ne.

Ƴan'uwana malamai, mu ma da namu aikin. Faranti guda na restoran darasin labarin ƙasa ne, na lissafi ne, na kiwon lafiya ne. Ku sa ɗalibai su zana a taswira hanyar da jatan lande ya bi, da wadda albasar Galmi take bi zuwa Abijan da Akara, su ga cewa namu ma ana marmarinsa a bakin teku. Kuma duk ranar da aka yi wa wani yaro dariya saboda fura ko tuwo, a dakatar da darasi a yi maganar nan take, kamar yadda za mu yi in an zagi uwarsa.