Tsofaffin kalmomin waƙa: a tambayi mutanen Sassumbrum tun suna nan

A kasuwannin ƙasar Magarya da Dungas, mai cajin waya galibi shi ne mai tura waƙoƙi. Mutum zai miƙa masa memori, ya biya abin da ya sawwaƙa, a cika masa shi da wa'azi da waƙoƙin fim da na gargajiya. Cikin na gargajiyar akwai tsofaffin ɗauka da suka taso daga kaset, shi ma kaset ɗin daga wani aka kwafo shi, har sautin ya dusashe, ganga ta danne murya. Sau da yawa babu sunan makaɗi, babu shekara, babu sunan wanda aka yi wa waƙar. Saurayin Sassumbrum zai saurara, ya yi amshi, ya ji daɗi, amma da wuya ɗan waƙa guda ya wuce bai haɗu da kalmar da ba ta shige shi ba. Da yawa sukan maye gurbinta da wata mai kama da ita a kunne. Idan ɗalibi ne da aka sa shi rubuta waƙar don kundin kammala karatu, sai kuskuren ya hau takarda, daga nan kuma ya zama abin da na baya za su kafa hujja da shi.

Wannan asara ce da ake iya tarewa, kuma hanyar tare ta ba ta da tsada. Ma'anar waɗannan kalmomi tana bakin dattawan garuruwan da aka yi waƙoƙin, maza da mata. Abin da ya kamata shi ne a kai musu sautin, a kunna musu, a tambaye su, a rubuta abin da suka ce da sunan garinsu.

Dalilin da ya sa sai an je can ɗin yana cikin tarihin yankin. Da jihadi ya ci Daura a wajajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya fita, zuriyarsa ta kafa mazauni a Zango da Ɓaure da Magarya. Ta gabas akwai ƙasashen Sosebaki, irin su Dungas da Waca da Mirya, masu tsohuwar alaƙa da Barno. A ƙarni na 19 Damagaram ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimu, ta shimfiɗa ikonta a kan mafi yawan wannan yanki. Sai Turawa suka zo, tawagar Tilho ta Faransa da takwararta ta Ingila suka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, Zango da Ɓaure suka faɗa hannun Ingila, Magarya ta faɗa hannun Faransa. Kowane ɗaya daga waɗannan zamunna ya bar kalmominsa a bakin makaɗa. Akwai tsohuwar Hausar Daura. Akwai sarautun da suka zo daga Barno, irin su Ciroma da Kacalla da Shatima da Maina. Akwai kuma Faransancin da ya narke ya zama Hausa, kamar lanho, wato harajin da aka riƙa karɓa, da lakwal, da mushe. Bakano da ya ji lanho a waƙa zai iya ɗauka wata tsohuwar Hausa ce ta zamanin Bayajida, alhali ba ta girmi zuwan Nasara ba.

Babu inda ruɗanin ya fi fitowa fili kamar wajen kuɗi, kuma rabin waƙar roƙo lissafin kyauta ce. Makaɗi yana faɗin wane ya ba shi kaza, wane ya ƙara da kaza, don na gaba ya ji kunya ya fi su. To, dala a bakin mutumin Nijar sefa biyar ce, jika kuwa dala ɗari biyu, wato sefa dubu. A ƙetaren iyaka, tafiyar da ba ta kai yini ba, dala sule biyu ce a zamanin fam, jaka kuma fam ɗari, wadda ta koma naira ɗari biyu bayan canjin kuɗi na 1973. Kafin duk wannan, dala sunan azurfar nan ce mai hoton Mariya Tereza da fatake suka yi ciniki da ita. Idan waƙar ta fi haka tsufa, lissafin da wuri ne: zambar na nufin dubu, keso kuwa wuri dubu ashirin. Har hauya, da kowa ya sani a gona, tsofaffin masu ƙidaya sun yi amfani da ita da ma'anar ashirin. Mai fassarar da bai san shekarar da aka ɗauki waƙa ba, bai san gefen iyakar da makaɗin ya tsaya ba, zai iya mayar da kyautar sarki ta zama sadakar almajiri, ko ya ɗaga ƙaramin attajirin ƙauye ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba. A gari irin Sassumbrum, inda naira da sefa suke yawo a aljihu ɗaya, dattijo zai warware wannan cikin minti guda.

Haka abin yake ga sunayen shekarun yunwa. Mutanen karkara da lissafinsu suke gane shekarar haihuwa da ta aure. Kakalaba ita ce babbar yunwar 1913 zuwa 1914. Ta 1984 kuwa, Hausawan Nijar da yawa El Buhari suke ce mata, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin sojan Buhari a Nijeriya ta rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa. Irin wannan suna ba aikin ƙamus ba ne. Wanda ya ci ganye a shekarar shi ya san shi, kuma sunan kan bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Akwai kuma kalmomin da ba su mutu ba, abin da suke nufi ne ya ɓace daga ido. Kirarin sarakuna da na mazaje cike yake da lifidi da sulke da kwalkwali, da gwanki da ɓauna da mariri. Yaron da ya tashi yau a ƙasar Magarya ya san gawo sarai, domin manoman yankin sun yi suna wajen barin gawo ya sake tsirowa a gonakinsu. Amma bai taɓa ganin gwanki ba, bai san yadda yake tsayawa ya fuskanci maharbi ba. Idan aka kira jarumi ƙirya, sai wanda ya ga masassaƙi yana fama da itacen, gatari yana tsalle yana dawowa, ko ya ga maƙeri yana neman gawayinta musamman, shi zai ji nauyin yabon. Fassarar da ta tsaya a cewa sunan wata bishiya ce ba ta yi ƙarya ba, amma ta bar mai karatu bai san dalilin da ya sa wanda aka yi wa kirarin ya cire riga ya bayar ba.

Ba a ce ba a yi aiki ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 har yanzu shi ne madogara mafi girma ga mai neman tsohuwar kalma, kuma yakan nuna wadda ta Katsina ce, ko ta Sakkwato, ko ta wani wuri. Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya tattara tarihin ƙasashen wannan yanki daga bakin mutanensu. André Salifou ya fitar da littafinsa kan Damagaram a 1971, ya dogara ƙwarai da abin da dattawa suka faɗa masa. Abdou Mijinguini ya yi ƙamus na Hausa zuwa Faransanci wanda ya kula da Hausar Nijar. A Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana rubuta waƙoƙin baka a cikin Diwaninsa, aikin da duk mai son Hausa ya kamata ya gode masa. Ta fannin sauti, gidan rediyon Nijar yana ɗaukar makaɗa tun kafa shi a 1958, Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki makaɗan ƙasar a 1963 aka fitar da faifan a birnin Faris, sannan cibiyar CELHTO da aka kafa a Yamai a 1968 an kafa ta ne musamman don adana abin da ke bakin mutane.

Sai dai wannan dukiya ta rabu gida uku, kuma gidajen ba sa ziyartar juna yadda ya kamata. Sauti yana Yamai da Kaduna da Turai. Ƙamus da ƙwarewar rubutu suna jami'o'i. Masu sanin ma'ana suna zaune a gindin bishiya a Sassumbrum da Yekuwa da Bande da Dogo-Dogo, ba wanda ya zo ya tambaye su.

Babban laifin da masu rubuta waƙa suke yi, kuma da kyakkyawar niyya suke yin sa, shi ne gyara. An koya wa ɗalibi cewa daidaitacciyar Hausa ita ce ta littafi, wadda aka gina a kan karin Kano. Sai ya ji makaɗi ya ce zamna, ya rubuta zauna. Ya ji amre, ya rubuta aure. Ya ji munka, ya rubuta muka, ya ji ɗiya, ya rubuta 'ya. A ganinsa ya tsabtace waƙa, alhali ya goge shaida biyu a lokaci guda. Ta farko, waɗannan siffofi su ke nuna daga inda makaɗi ya fito, ko daga inda waƙar ta taso kafin ta iso bakinsa, domin makaɗa matafiya ne, suna bin iyayen gida da kasuwanni da bukukuwa. Ma'azu Ɗan Alalo ya yi zamaninsa a fadar Damagaram, Narambaɗa ya yi nasa a Isa, kuma mai kunne yana jin bambancin Hausarsu tun daga ɗan waƙa na farko. Ta biyu, gyaran yana karya karin waƙar. Ɗiya gaɓa biyu ce, 'ya gaɓa ɗaya. Gaɓar farko ta munka mai nauyi ce, ta muka sassauƙa. Makaɗi a kan bugun kotso ko taushi ko kalangu ya ɗora kalmominsa, kuma wanda ya canza su ya raba waƙar da kiɗanta. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a jarida da aji, har an yi taro a Yamai a 1980 don kusanto da rubutun Nijar da Nijeriya. Amma waƙar baka a rubuta ta yadda aka ji ta, bayani ya zo daban a ƙasa.

Shi kansa sautin da aka ɗauka bai kamata a mayar da shi alƙali na ƙarshe ba. Makaɗin baka ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an ɗauke ta fiye da sau ɗaya, kuma ɗiyanta ba su zo daidai da juna ba. Wannan alheri ne ga mai bincike, domin kalmar da ganga ta danne a wannan ɗauka tana iya fitowa sarai a wancan, wani lokaci ma makaɗin da kansa ya musanya ta da wata mai ma'ana ɗaya, ya zama ya yi wa kansa sharhi. Ga kuma matsalar rubutun boko, wanda ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, har fari na launi da fari na rashin ruwa suke zama abu ɗaya a takarda. A waƙa makaɗi yakan ja wasali don ya cika kiɗa, sai abin ya ƙara rikicewa. Dole a tara duk ɗaukan da aka samu na waƙa ɗaya, a jera su, kafin a yanke hukunci kan kalma guda.

Wani zai ce dattawan ma sukan yi saɓani, wani kuma yakan ƙirƙiro ma'ana don kada a ce bai sani ba. Gaskiya ne, yana faruwa. Maganinsa shi ne a tambayi fiye da mutum ɗaya, a garuruwa daban-daban, a fi ba da ƙarfi ga 'yan amshin da suka bi makaɗin da 'ya'yan gidan kiɗa, sannan a rubuta duk bayanan da aka samu ko da sun saɓa, a gwada su da abin da Bargery ya rubuta shekaru casa'in da suka wuce. Ma'ana biyu da aka san inda kowace ta fito sun fi amfani ga na baya a kan ma'ana ɗaya da ɗalibi ya zaɓa shi kaɗai a ɗakin kwanansa.

Aikin bai fi ƙarfin abin da ke hannu ba. Jami'ar Damagaram tana nan kusa, jami'o'in Katsina da Kano ba su da nisa, kuma gidajen rediyon karkara sun bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Cibiyoyin Yamai su ba da kwafin abin da aka ɗauka a wannan yanki. Gidan rediyo ya ware rabin awa a mako, a saka ɗan waƙa guda, a buɗe layi, masu saurare su bugo su faɗi abin da suka sani, ɗalibi yana gefe yana rubutawa da sunan garin kowane mai magana. Sarakunan gargajiya na Magarya da Dungas da Sassumbrum, waɗanda kakanninsu aka yi wa yawancin waƙoƙin fada, su ne suka fi cancanta su kira makaɗan gidajensu su zauna da masu binciken.

Inda aka fi bukatar gaggawa shi ne waƙoƙin mata. Na fada sun samu masu ɗauka saboda sarauta tana jan hankalin baƙo da ma'aikacin rediyo. Waƙoƙin daka da niƙa da raino da na kai amarya kuwa a cikin gida ake yin su, inda namiji baƙo ba ya shiga, kuma injin niƙa ya riga ya raba mata da dutsen da suke waƙar a kansa. A cikinsu ne sunayen tsofaffin kayan ɗaki suke, da na irin hatsin da aka daina shukawa, da habaicin kishiya da uwar miji wanda sai wadda ta zauna a gidan ta san inda ya dosa. Wannan aikin ɗalibai mata ne, 'yan asalin yankin, waɗanda za su iya shiga har ɗaki su ce wa tsohuwa Iya ko Kaka, su zauna a tabarmarta, su kunna waya, su bar ta ta rera sannan su tambaye ta kalma bayan kalma. Jami'o'in nan suna da irin waɗannan ɗalibai, kuma kowace shekara ana neman batun da za a ba su na kundin digiri.