Zaiba a Tukunyar Miya

A tsibiran Faro, can arewacin Turai, tun kaka da kakanni ake cin naman manyan dabbobin teku masu shayarwa. A 2008 manyan likitocin tsibiran suka ce a daina, zaiba ta yi yawa a naman. Ba a haƙar zinariya a wurin. Iska da ruwa ne suka kai ta: ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya haɗiye ƙarami, tana taruwa har cikin tukunyar mutum.

To mu fa, da zaibar ke bakin ƙofa? Da ita masu haƙar dahab a Sudan ke kama zinariya, daga Abu Hamad har jihar Blue Nile, wadda ruwanta ke gangarowa Hartum. Gwamnati ta hana a 2019, amma ba a daina ba.

Don haka uwargida, in kin shiga Mawrada a Omdurman, kada girman ijil, giwan ruwanmu, ya ruɗe ki. Kifi yake ci, kuma yana daɗewa a ruwa. Mai ciki da mai goyo da yara su fi ba da ƙarfi ga bulti, wato karfasa. Suya ba ta fitar da zaiba, gishirin fasikh ma haka, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi take fara taɓawa.

Maigida mai harkar dahab, kai ma da naka. Hayaƙin ƙona zaiba ba shi da wari, ga shi yana kama bango da tufafi. Kada a ƙona ta a tsakar gida, kayan aiki kuma su kwana a shago.