FILIN DIREBOBI: Tiyon Sitiyari Ba A Ɗaure Shi Da Roba

 

Abin da ya jawo maganar wannan wata shi ne wata tafiya da muka yi daga Kaele za mu Garwa ɗaurin aure. Mutum bakwai ne cikin wata tsohuwar Toyota. Ba mu kai mararrabar Magada ba sai muka ji injin yana wani irin kuka kamar na kyanwa duk lokacin da direba ya murɗa sitiyari. Muka tsaya, aka buɗe bonet, sai ga jan mai ya wanke gefen injin. Yaron mota ya ce, “Alhaji, ba komai ba ne, a ba ni robar tsohon tif in ɗaure.” Ya ɗaure tamau, aka ƙara mai, muka tashi. Kafin Figil robar ta fashe, sitiyari ya ƙage daidai kan kwana, ga wata babbar motar auduga tana tahowa. Allah ne kawai Ya yi da sauran kwananmu.

To, laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Mu duka da muke tsaye a wurin babu wanda ya san cewa tiyon sitiyari iri biyu ne.

Su dai dattawanmu da suka tuƙa Fijo 504 da tsofaffin Landuroba, yawancinsu da ƙarfin damtse suke juya mota. Motocin da suka biyo baya kuwa mai ne ke taimakon direba. Akwai ɗan famfo da bel ke juyawa, yana ɗebo mai daga wani ɗan gwangwani, ya tura shi da ƙarfi zuwa akwatin sitiyari, daga can man ya komo gwangwaninsa. Saboda haka akwai tiyon tafiya, akwai na dawowa. Na dawowa ba ya ɗauke da wani ƙarfi, shi ya sa za ku ga da ɗan kilip aka riƙe shi. Idan shi ne ya tsage, ana iya yanke wurin, a sa sabon tiyo mai jure mai da zafi, a ɗaure da kilip, magana ta ƙare. Amma kada a sa tiyon ruwa ko na fetur, domin zai yi laushi ya saki.

Na tafiya shi ne mai haɗarin. Ana gane shi da kaurinsa da kuma bakin ƙarfe da aka matse masa da inji tun daga kamfani. Ƙarfin man da ke bi ta cikinsa yakan kai ba 70 zuwa 100 idan aka murɗe sitiyari har ƙarshe, alhali iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba 2 da 'yan kai. Ku dubi tazarar. Wace roba ce, wane kilip ne, wane gam ne zai riƙe wannan? Kuma idan ya huje, feshi yake yi, ba ɗiga ba. A motoci da yawa tiyon yana bi ta kusa da bakin salansa, wurin da ya fi ko'ina zafi, man kuma yana kamawa da wuta. Haka nan kada wanda ya sa yatsa yana laluben hujin alhali inji na aiki, don siririn feshin yana iya huda fata ya shiga nama. A kara guntun kwali, shi zai nuna wurin.

Gyaransa na gaskiya hanya biyu ce. Ko a sayi wani, sabo ko na Beljiyam mai lafiya, ko kuma a kwance tsohon ɗungurungum a kai wa masu haɗa tiyon katafila da tarakta a Garwa ko Marwa, su sa sabuwar roba mai jure ƙarfi, su matse bakunan da injinsu. Idan kuwa ɓangaren ƙarfen ne ya tsage, ƙwararren mai waldar gas yana iya like shi, amma sai an cire shi daga jikin mota, an wanke man sarai, an kuma busa shi bayan aiki. Ɗan ɓurɓushin da ya rage a ciki ya isa ya cinye famfo. Wajen mayarwa a canja ƙananan wasa da zoben roba na bakin, kuma a mayar da maƙalan da ke riƙe tiyon a jikin mota. Mun lura makanikanmu da yawa suna jefar da su don ƙiwa, nan kuwa rashinsu ne ke sa tiyo ya riƙa goga ƙarfe a kan gargadar hanyoyinmu har ya huje. Sauran aikin kuma zafin watan Maris da Afrilu ya ƙarasa, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, roba ta bushe ta yi ta tsattsagewa.

Sai batun mai. Mun san halin da ake ciki. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 masu mota suka koyi lallaɓawa, daga baya kuma har zuwa-zuwa ya yi tsada bayan Nijeriya ta janye tallafin fetur a 2023. Duk da haka ba a zuba man burki a gwangwanin sitiyari. Yana kumbura robobin ciki ya lalata su, a tashi daga canjin tiyo ɗaya a koma canjin famfo da akwati baki ɗaya. A duba murfin gwangwanin, galibi an rubuta irin man da ya dace. Yawancin tsofaffin Toyota jan man giya suke sha, wanda ake rubuta ATF a jikin galan ɗinsa.

Bayan an ɗaura tiyo an cika mai, sai a fitar da iska. A ɗaga gaban mota da jak, a yi ta juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe inji yana kashe, ana ƙara mai. Sannan a tayar a maimaita, har kumfa ta daina fitowa kukan ya ɗauke. Kada a danne sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa 5.

In abin ya same ku a daji fa, tsakanin Kaele da Gidigis ko hanyar Yagwa? Idan famfo yana da bel nasa shi kaɗai, a cire bel ɗin, a tafi sannu a hankali da sitiyari mai nauyi har gari. Ya fi a bar famfo yana juyawa ba mai, don ba ya daɗewa zai ƙone. Idan kuwa bel ɗaya ne ke juya famfo da caji da sauransu, ba a cire shi; a nemi mai ja. Masu sababbin ƙananan motoci da sitiyarinsu ke aiki da lantarki, su ba su da wannan tiyo sam.

Mu dai ranar nan a Figil muka yi sallar azahar da la'asar, muka isa Garwa an riga an shafa fatiha. Mai motar kuma sai da ya sayi famfo.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.