Kafin Ka Sayi Kwamfutar Tebur Ka Hau Windows 11, Tsaya Ka Karanta Wannan



Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Kwamfutar ba ta mutu ba. Za ta kunnu, za ta yi aiki kamar jiya. Sai dai duk wata ɓaraka da aka gano a cikinta daga wannan rana ba mai toshe maka ita, sai in ka shiga tsarin ƙarin wa'adi, wanda shi ma na masu kwamfutar gida zai ƙare ranar 13 ga Oktoba, 2026.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Duk kwamfutar da ke hawa intanet ya kamata ta koma Windows 11. Amma ba kowace kwamfutar tokumbo ce ta cancanci kuɗinka ba, kuma saitin da Windows 11 ke zuwa da shi an tsara shi ne don wanda ke da wuta da data ba yankewa. Mu nan Abare da Anka da Gummi da Bukkuyum sai mun yi masa kwaskwarima kafin ya zauna da mu lafiya.

Ni da nake waya kawai, me ya shafe ni?

Ya shafe ka sosai, ɗan'uwa. Ranar da wayarka ta maƙale a kan tambarin Tecno ta ƙi wucewa, ina kake kai ta? Wurinmu. Mu kuma kebul muke soka mata mu haɗa ta da kwamfuta. Ranar da ka ce a kwashe maka hotunan biki ko karatun malamai daga tsohuwar waya zuwa sabuwa, ta cikin kwamfutar suke bi. Memorinka, takardar NIN da ka je a buga maka, sakamakon jarrabawar ƙanwarka, duk ta nan suke ratsawa. In kwamfutar mai shago na ɗauke da bairos, kayanka ma sun shiga haɗari.

Kada ka ɗauka wasa ne. A watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ta ina ta shiga? Ta wata ɓaraka a Windows wadda an riga an fitar da maganinta wata biyu kafin nan, mutane ba su sabunta ba. To ina ga kwamfutar da ba za a ƙara fitar mata da maganin ba gaba ɗaya?

Abin da na gani da na canza

Sati uku ke nan da na ajiye tsohuwar laftof ɗin shago na koma ƙaramar kwamfutar tebur, irin wadda girmanta bai wuce littafi mai kauri ba, mai furosesa i5 zubi na 8, RAM 8GB da SSD. Abu na farko da za ka lura da shi shi ne sauri. Kafin ka gama gyara zama ta gama tashi. Amma gaskiya a faɗe ta: yawancin wannan saurin na SSD ne. Duk kwamfutar da ka cire wa tsohon faifan ajiya mai juyawa ka sa mata SSD za ta farfaɗo, ko wace Windows ce a kanta. Don haka kada wani ya sayar maka da sauri da sunan sabuwar manhaja.

Abu na biyu, fuskarta. Maɓallin Start ya bar lungun hagu ya dawo tsakiya, ya yi kama da allon waya. Wanda ya fara da Android zai ji kamar yana gida. Wanda kuma hannunsa ya saba da hagu, ya shiga Settings, Personalization, Taskbar, ya mayar da shi wurinsa cikin minti ɗaya. In ka danna maus na dama, jerin ya gajarce, wasu abubuwan sun ɓuya a ƙarƙashin Show more options. Kwana biyu ka saba. Akwai kuma kibod na Hausa da za ka ƙara a sashen harshe, ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, ba sai ka rubuta "kasa" kana nufin "ƙasa" ba.

Waɗannan duk ado ne. Maganar da ta fi muhimmanci tana gaba.

Araha ba ta ado

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, da sharuɗɗanta: RAM aƙalla 4GB, ma'ajiya 64GB, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya zubar da miliyoyin kwamfutoci masu lafiya a ofisoshin Turai da Amurka. Ka kuma san inda irin waɗannan kaya suke ƙarewa: su sauka Legas, su bi mota zuwa Kano, daga can su watsu Gusau da sauran garuruwa.

Za ka ga kwamfuta fes, an goge ta tana sheƙi, an kunna maka ka ga Windows 11 a kai, kuɗin kuma da sauƙi. Kyan ɗan maciji ke nan. Akwai dabarar tsallake sharuɗɗan a ɗora Windows 11 a kan injin da bai kai ba, kuma Microsoft da kansa ya faɗa cewa bai yi alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan inji sabuntawa ba. Ka biya kuɗin sabon zamani, ka koma gida da matsalar da kake gudu.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ga abin da za ka duba a gaban mai kaya, ko a titin Beirut na Kano kake, ko a Gusau:

1. Shiga Settings, System, About, ka karanta lambar furosesa. In lambobi huɗu ne bayan layin, yawanci ta farko ita ce zubinsa; in biyar ne, biyun farko. i5-6500 zubi na 6 ne, bai kai ba. i5-8500 zubi na 8 ne, ya kai. Kada "i7" ta ruɗe ka, i7-4770 ya girmi i3-8100 da shekaru.

2. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta tpm.msc, ka ga ko ya nuna 2.0.

3. Ga masu son suna: Dell OptiPlex 7040 da HP EliteDesk 800 G2 zubi na 6 ne. OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 su ne na zubi na 8. A ido kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa lamba za ka karanta.

In mai kaya ya hana ka dubawa, ka riƙe kuɗinka ka ƙara gaba.

Wuta

Ga inda laftof ta fi kwamfutar tebur, kuma ba zan ɓoye ba: laftof na da batir a jikinta, ta tebur ba ta da shi. Aka ɗauke wuta, ta mutu nan take. In kana tsakiyar rubuta wasiƙa, ka yi asarar wasiƙa. In kuma ana tsakiyar yi wa waya filashin ne, wayar na iya mutuwa murus, ba kunnuwa ba caji. Don haka a wurinmu UPS ko inbata ba ƙari ba ne, cikin kuɗin kwamfutar yake. In kuɗinka bai kai duka biyun ba, ka sayi laftof.

Shi ya sa na fi son ƙananan nan da ake kira Micro ko Mini ko Tiny. Yawancinsu da caja irin ta laftof mai wat 65 suke aiki, ƙaramar sola ta ɗauke su har da monita. Babban akwatin nan mai tsayi kuwa ya fi shan wuta, ya fi zuƙar ƙura, ga kuma hunturu na tafe.

Magana ɗaya kan batirin UPS da na inbata. Dalma ce a cikin irin masu nauyin nan. Mu mutanen Abare ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara. In batir ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a bar shi inda yara ke wasa, kada a narka abin cikinsa. A mayar wa masu sayen tsohon batir a rufe yadda yake.

Data da sabis

Windows 11 Home na neman intanet da asusun Microsoft tun ranar farko da za a saita ta. Ka tuna, a ranar da ta fito, yawancin ƙananan hukumomin Zamfara ba su da sabis ko ɗigo, tun bayan rufe layukan sadarwa da aka yi a farkon Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. Wanda ya ga wannan lokacin ya san ba a dogara da intanet ɗari bisa ɗari a nan. Shawarata, a gama saitin farko da manyan sabuntawa a gari, inda sabis ke da ƙarfi, kafin a kawo kwamfutar gida. Direbobi da manhajojin da kake buƙata kuma ka tara su a filas.

Sannan da zarar ka haɗa ta da hotsifot na wayarka, shiga Settings, Network & internet, ka buɗe bayanan layin, ka kunna Metered connection. Wannan yana gaya wa kwamfutar cewa datar nan da kuɗi aka saye ta, ta rage sauke manyan kaya da kanta. In ta kebul ka haɗa, a ƙarƙashin Ethernet za ka same shi. Amma kada ka mayar da wannan hanyar gudun sabuntawa har abada, don ai saboda ita aka yi ƙaurar. Ware rana ɗaya a wata, ka sayi data ta musamman, ka bar ta ta sha.

Makullin da ya fi na Gmail tsauri

Kusan kullum sai wani ya kawo waya an yi mata risetin, tana neman tsohon Gmail, shi kuma wani yaro ne ya buɗe masa shekara uku da suka wuce, bai san kalmar sirrin ba. To Windows 11 na da nata irin wannan. A sababbin fitowarta, in aka saita ta da asusun Microsoft a injin da ya cika sharuɗɗa, tana iya kulle ma'ajiyar da kanta da tsarin BitLocker. Makullin lamba 48 ne, yana ajiye a cikin asusun. Wata rana aka canza wani abu a cikin injin, sai ta tsaya ta ce a kawo lambar. In babu, ba mai gyaran da zai ciro maka kayanka, ko a Kano ko a Legas.

Wannan kariya ce mai kyau in an sace kwamfutar. Amma dole asusun ya zama naka, da lambar wayarka, ba na mai shagon da ya sayar maka ba. Ka kwafe lambobin 48 a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gona.

Ga abokan sana'a

Na san abin da ke hana da yawanmu matsawa: tsoffin direbobi. Odin na Samsung da SP Flash Tool na wayoyin MediaTek suna aiki a Windows 11, amma tsarin tsaronta, musamman wanda ake kira Memory integrity, yana ƙin wasu tsoffin direbobin da ba su cika ƙa'ida ba. Wasu sai su kashe tsaron gaba ɗaya, su kashe maganin bairos don manhajar kirak ta buɗe, sannan su soka wayar mutane mai manhajar banki a ciki. Wannan cin amana ne, ko da ba da niyya ba.

Mafita ba wuya. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 10 ta zauna a gefe, a cire ta daga intanet, ta riƙa aikin tsoffin wayoyi kaɗai. Sabuwar ta riƙe intanet da kayan kwastoma, tsaronta a kunne. Wanda kuma tsohuwarsa rubutu da bincike kawai take yi, akwai Linux Mint, kyauta ce, tana tafiya lafiya a kan tsofaffin injina, kuma ana ci gaba da sabunta ta. Ba sai an jefar da inji mai rai ba.

Kai kuma mai waya, kana da haƙƙin tambaya. Tambayi mai gyaranka wace Windows ce a kwamfutarsa, kuma ko tana samun sabuntawa. Cire layi da memori kafin ka bar waya a shago. In canjin gilashi ne ko bakin caji, ka tsaya a gwada a gabanka maimakon ka bar lambar buɗe waya. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Mai niyyar saye kuma, ya rubuta abu huɗu a takarda kafin ya hau mota: zubi na 8 ko sama, TPM 2.0, SSD, da kuɗin UPS. In ɗaya ya ɓace, ya ƙara haƙuri ya ƙara tari.

Wanda ke da tambaya kan lambar furosesar da aka nuna masa a kasuwa, ya rubuto ta, in sha Allahu zan duba masa. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.