A Buɗe Rajistar Kayan Marasa Lafiya a Asibitocin Kano

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano kan ajiyar kayan marasa lafiya. Titin Ibrahim Taiwo hanyar 'yan kasuwa ce, mutanen Kantin Kwari da Sabon Gari na binta da cinikin yini a aljihu. Idan Keke Napep ya buge ɗayansu aka kai shi asibiti a sume, wa zai ƙirga kuɗin, wa zai riƙe wayar? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Wanda aka ɗora wa karɓar mutum kuwa, abin da ke jikin mutumin ma ya zama amana a hannunsa.

Wasu za su ce wannan aikin mai jinya ne. Gaskiya ne, amma wanda aka tsinta a titi ba shi da mai jinya sai labari ya kai gida, kamar yadda ya faru da matafiya a harin tashar mota ta Sabon Gari a Maris 2013. Wasu kuma za su ce aiki ya yi wa nas-nas yawa. Ai abin da ake nema kaɗan ne: littafi ɗaya, ambulan mai lamba, sa hannun ma'aikata biyu, da akwati mai makulli. Wannan rubutun shi ne zai wanke ma'aikaci ranar da dangi suka zo da zargi. Don haka hukumar ta wajabta shi a kowane sashen gaggawa na asibitocinta.

Wassalam.

Mai karatunku,
Fagge, Kano