SUNAN JIRGIN YAƘI GADO NE, A DAINA BINNE SHI DA ƘARFEN

Jama'a, akwai wata kyakkyawar al'ada da rundunar sojojin ruwan Najeriya ta taɓa riƙewa, kuma muna ji muna gani take sulalewa. Al'adar raɗa wa jiragen yaƙi suna nake nufi. Na san wani zai ce, "Malam, ana fama da tsadar shinkafa kai kana zancen sunan jirgi?" Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke mini hukunci.

Magabatanmu a wannan runduna sun yi wata dabara. In an sayo jirage masu ƙira ɗaya, sai a ɗauki dabba ɗaya a raba sunanta cikin harsunan ƙasa. A 1972 an karɓo jirage biyu daga Ingila, aka sa musu Dorina da Otobo. Da aka ƙaro wasu biyu sai aka kira su Erinomi da Enyimiri. Dukansu dorinar ruwa suke nufi, kowanne da harshen mutanensa. Jiragen kai farmaki da aka ƙera a Jamus aka sa musu Ekpe, Damisa da Agu. Damisa ce sau uku, da Efik da Hausa da Ibo. Waɗanda Amurka ta ba mu a farkon shekarun 2000 kuwa, Kyanwa, Ologbo, Nwamba da Obula. Masu sauke dakaru a gaɓa, Ambe da Ofiom, kada ke nan a bakin Tibi da bakin Efik.

Ku dubi hikimar. Yaro daga Daura zai yi aiki a cikin Enyimiri, ya koyi yadda Ibo ke kiran dorina. Yaro daga Aba zai kwana a cikin Damisa, ya riƙa alfahari da ita. Ba a yi taro a Abuja ba, ba a buga fosta ba, amma an koya wa matasa cewa ƙasar ta kowa ce.

To me ya biyo baya? A 2012 aka ƙaddamar da wani babban jirgi da muka samo daga masu gadin gaɓar tekun Amurka, aka sa masa Thunder. Tsawa ke nan da Turanci, alhali muna da Aradu, muna da Obuma, kuma akwai ɗaruruwan harsunan da ba a taɓa ɗaukar kalmarsu ta tsawa ba. A 2015 aka kawo Centenary, don tuna cika shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa, da Prosperity, wato wadata. A 2016 sai ga Unity, wato haɗin kai. Fisabilillahi, waɗannan sunayen jiragen yaƙi ne ko na makarantun kuɗi? Wane ɗan fashin teku ne zai ji an ce "ga Wadata nan tafe" gabansa ya faɗi? Abin takaicin ma, mun rubuta haɗin kai a jikin jirgi bayan mun ajiye tsarin da ke aikata haɗin kan a zahiri.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunayen da muka iya adanawa. Sansanin sojojin ruwa na Apapa har gobe Beecroft ake ce masa, sunan jami'in Ingila da ya ja gaba wajen yi wa Legas luguden wuta a 1851. Na Lakwaja kuwa Lugard, mutumin da rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Ashe dai mun iya riƙon suna in mun ga dama. Mun riƙe na waɗanda suka ci mu da yaƙi.

A ƙasashen da suka san darajar abin, jirgi na mutuwa amma sunansa ba ya mutuwa. Amurka ta yi jirage takwas masu suna Enterprise, tana kan ƙera na tara. Ingila ta yi Ark Royal har biyar, sannan ga Victory, jirgin da Nelson ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, yana nan a Portsmouth mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Kada a ce sai Turawa. Indiya ta yanka tsohon jirginta Vikrant ta sayar da ƙarfen a 2014, amma a 2022 da ta ƙaddamar da babban jirgi mai ɗaukar jiragen sama da ta ƙera da hannunta, Vikrant ta sa masa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. In tsoho ya rasu aka yi haihuwa a gidan, sunansa ake mayarwa. Yaron ya tashi ana ce masa Abba ko Baffa, ana gaya masa, "Mai sunanka bai taɓa cin amana ba." Suna linzami ne. Haka matuƙin da aka ba shi jirgi mai tsohon suna zai san cewa akwai waɗanda suka riga shi, kuma akwai kunyar da ba zai so ya jawo wa sunan ba.

Muna kuwa da tarihin da za a gada. Jirgin da ake kira Nigeria, wanda aka ƙera a Holan a 1965, shi ne uban tafiya a teku lokacin yaƙin basasa, har da saukar dakaru a Bonny a 1967. Daga baya aka sauya masa suna zuwa Obuma. Ɗalibai nawa ne a jami'o'inmu suka taɓa jin labarinsa? Ga Aradu, wanda aka ƙera a Hambug ya fara aiki a 1982. A 2005 ya tsallaka teku har Ingila ya tsaya cikin jerin jiragen duniya a bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, da tutarmu a samansa da kalmar Hausa a jikinsa. Yanzu ya haura shekara arba'in. Ko an gyara shi ko ba a gyara ba, ranar ritayarsa na zuwa. Me muka tanadar wa sunan?

Masu cewa kuɗin ajiye tsohon jirgi ya fi ƙarfinmu, na yarda da ku rabi. Gishirin teku ba ya raga wa ƙarfe, kuma ba kowane jirgi za a mayar gidan tarihi ba. Amma nawa ake kashewa wajen mayar da suna? Fenti ne da buroshi. Nawa ake kashewa wajen ajiye ƙararrawar jirgi da angarsa da littafin tafiye-tafiyensa? Bai kai kuɗin shayin taron bita guda ba, kuma mu ma'aikatan gwamnati mun san nawa shayin nan yake ci.

Masu cewa me ya haɗa ɗan Arewa da teku kuwa, ku tambayi iyayen da 'ya'yansu ke sanye da farin kaki a Legas da Fatakwal da Kalaba. Man da ake kasafta kuɗinsa duk wata a raba wa jihohi, ta ruwan nan yake fita. Kayan da ke cika Kantin Kwari, da yawansu ta nan suke shigowa.

Gaskiya ɗaya ce, rundunar ba ta saki al'adar gaba ɗaya ba. Sabon jirgin safiyon teku da ya zo a 2021 an mayar masa da sunan tsohon, Lana. A 2022 aka kawo jirgin sauke dakaru da ya gaji Ambe da Ofiom, aka sa masa Kada. Madalla da wanda ya yi wannan tunani. Damuwata ita ce abin ya dogara da ra'ayin wanda ke kan kujera. Yau mai kishin tarihi ne, gobe kuma fa? A ƙasar da ake sauya wa jami'a da filin jirgin sama suna dare ɗaya don a faranta wa wani, kada ku yi mamaki in kun wayi gari an liƙa sunan ɗan siyasa mai rai a jikin jirgin yaƙi.

Don haka ga abin da nake nema daga hedikwatar sojojin ruwa da kwamitocin Majalisar Tarayya masu kula da ita. A rubuta ƙa'idar raɗin suna ta zama doka, harsunan gida su zama tushenta, har da ƙananan harsunan da ba a taɓa waiwaya ba. Duk sunan jirgin da ya yi aikin a zo a gani, a ajiye shi a jira sabon jirgi. A haramta sa sunan mutum mai rai. Sannan in Aradu ya gama aiki, a ɗaure shi a gaɓar Legas yara su riƙa shiga suna gani, kada a miƙa shi ga 'yan gwangwan.

In kana da ɗan majalisa a cikin abokanka, tura masa wannan. Tsofaffin sojojin ruwa da ke nan kuma, waɗanda suka yi aiki a Dorina ko Damisa ko Aradu, don Allah ku ba mu labarin jiragenku a ƙasa, mu ji daga bakinku.