Gyaran dokar ƙananan jiragen sama: nauyi ya koma wuyan masu sa ido

A ranar 30 ga Agusta, 2017, wata sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a Amurka, wadda ta sauya yadda ake bai wa ƙananan jiragen sama takardar shaidar inganci. Ƙa'idar, wadda aka fi sani da Sashe na 23, ta shafi jiragen da kujerun fasinjansu ba su wuce 19 ba, nauyinsu kuma bai haura fam 19,000 ba, wato kimanin kilo 8,600. A wannan rukuni ne jiragen koyon tuƙi da yawancin masu sauka a ƙananan filaye suke. A ganina gyaran ya dace, amma yana tafe da sharaɗi.

Tsohuwar ƙa'idar ta shekarun 1960 ce. Ta zayyana wa injiniya dalla-dalla yadda zai ƙera kowane sashe, aka yi ta ƙara mata sakin layi shekara da shekaru. An rubuta ta ne da tunanin jirgin alminiyam mai agogunan allura. Duk wanda ya zo da abin da ba ta sani ba, kamar injin lantarki, sai ya nemi izini na musamman, mai cin lokaci da dukiya.

Da tsada ta yi yawa, sai sabon ƙira ya yi ƙaranci, mutane suka riƙe tsofaffin jiragensu. Cessna 172, wanda ya shiga kasuwa a 1956, har yau ana ƙera shi, kuma da yawa daga ƙananan jiragen da ke shawagi a Amurka sun haura shekara 40. Babban abin da ke kashe matuƙansu shi ne kuɓucewar jirgi daga hannu, musamman idan gudu ya ragu dab da sauka, fiffike ya daina riƙe iska. Akwai 'yar na'urar da ke gargaɗin matuƙi kafin a kai ga haka, amma wahalar samun izini ta hana ta yaɗuwa, har sai da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta sassauta hanyar amincewa da ita a 2014. Dokar da aka kafa don kare rai ta wayi gari tana tsare ƙofa ga abin da zai ceci rai.

Wannan ne ya sa majalisar dokokin Amurka ta umarci FAA da ta sake rubuta sashen, Shugaba Obama ya sa hannu a Nuwamban 2013, hukumar kuma ta fitar da sabon rubutu a Disamban 2016. Yanzu doka na faɗin abin da ake so jirgi ya cika, hanyar cikawar kuwa tana cikin mizanan da masana'antu da hukumomi ke tsarawa tare a ƙungiyar ASTM, waɗanda sabunta su ya fi sauƙi. An kuma kasa jiragen gida huɗu bisa yawan fasinja, don kada a ɗora wa mai kujera biyu nauyin mai kujera 19. Hukumar Tarayyar Turai, EASA, ita ma ta yi irin wannan gyara a 2017.

Ga sharaɗin. A da, aikin mai duba jirgi shi ne gwada ƙira da jerin da ke hannunsa. Yanzu sai ya auna da iliminsa ko hujjar da kamfani ya kawo ta gamsar. Wannan na buƙatar ƙwarewa mai zurfi, da ƙarfin halin cewa a'a. Jirgin Boeing 737 MAX ba ya ƙarƙashin wannan sashe, amma darasinsa ya shafe shi. Mutum 346 suka mutu a haɗurra biyu, na Indonesiya a Oktoban 2018 da na Habasha a Maris ɗin 2019. Bincike ya nuna FAA ta miƙa wa ma'aikatan kamfanin kaso mai yawa na aikin dubawa, ba ta kuma fahimci na'urar da ke danna hancin jirgin ƙasa yadda ya kamata ba. Sai da majalisa ta sake tsaurara sa ido a 2020. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mu ma abin ya shafe mu. Jiragen da ɗalibai ke koyon tuƙi da su a kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, daga waje ake sayo su, kuma hukumarmu ta NCAA na dogaro ne da shaidar ƙasar da ta ƙera su. Tunda salon shaidar ya sauya, wajibi ne hukumar ta horar da injiniyoyin da za su karanta sababbin mizanan su gane su, ta kuma biya su albashin da zai hana kamfanoni kwashe su. Ba a fafe gora ranar tafiya.